Jan Ƙyalle a Gonar Tsohuwa

Duk wanda ya taɓa sauka a gidan hutu na Madam Gilberte Morizot, can ƙarshen ƙauyenmu na Merlay, zai ce maka mace ce mai kirki. Dole su ce haka mana, tunda ba su san tana buɗe kwandon shararsu ba. Ranar Asabar, da motar baƙi ta sha kwanar coci, Gilberte za ta shiga da bokiti da tsintsiya. Kafin ta gama wanke banɗaki ta san wane miji ne ya kwana a kan kujera, wace mata ce ba ta barci sai da magani, su wa suka sayo giyar babban kanti mai arha suka tura kwalaben ƙarƙashin jaridu don kunya. A ba ta haƙƙinta, ba ta taɓa kai gulmar kowa waje ba. Sani kawai take so, don a cewarta gidan da aka yanke maka cibiya ba ka barinsa a hannun wanda ba ka san halinsa ba.

A ɗakin sama na wannan gidan aka haife ta, shekara saba'in da huɗu ke nan. Bayan gidan, daga katangar dutse har gindin tudu, akwai gonar farin inabin da ubanta ya dasa tun ba a haife ta ba, wadda kowa ke kira Tsohuwa. Tana da shekara goma sha biyu ya danƙa mata almakashin datse rassa cikin sanyin Janairu, ya ce in ta yi kuka hawayen zai daskare mata a kumatu, ita ta sani. Tun daga ranar ba ta ajiye almakashin ba, har yatsunta suka lanƙwashe suka ɗauki siffarsa. Mijinta Lucien tsinkar inabi ta mako biyu ta kawo shi garin, ya ƙare da shekara talatin da takwas. Bayan rasuwarsa ɗansu Fabien ya karɓi gonaki, ya gina sabon gida kusa da ɗakin da ake matse inabi, ya ware mata ɗaki mai ɗumi. Tsohon gidan kuwa aka shafe shi da fenti aka mai da shi masaukin 'yan hutu. Gilberte ba ta so ba, ta faɗa kuma kowa ya ji, sannan ta miƙa hannu ta karɓi makullai.

Ƙarshen watan Agusta, saura mako uku a fara tsinka, wani mutum ya sauka a gidan. Sunansa Mushe Tissier, Mushe ɗin kamar a ce Malam ne a wurinmu, siriri ne mai kimanin shekara sittin, ya zo cikin farar mota irin ta masu aiki, ba rubutu a jikinta. Tun a bakin ƙofa zuciyar Gilberte ta ƙi shi. 'Yan hutu bibbiyu suke zuwa, ko da tarkacen yara, kuma abin da suke fara tambaya shi ne ina ake cin abinci mai daɗi, ina ake ɗanɗana giya kyauta. Wannan shi kaɗai ya zo, da jaka ɗaya da takalman roba. Ta nuna masa ɗakin kwana bai ko leƙa ba, ya wuce tagar kicin ya tsaya yana kallon Tsohuwa.

"Hutu ka zo, Mushe?" in ji ta.

"Hutu, Madam." Ya faɗa yana duban takalminsa.

Da ya miƙo hannu karɓar makulli ta ga babban yatsansa duk tabon wuƙa ne, sabo a kan tsoho. Hutun me mai irin wannan hannu zai yi a tsakiyar gonakin inabi? Ai ruwa ba ya tsami banza.

Kwana biyu tana lura da shi daga bayan shingen kaji. Da hantsi yake fita, ya shiga layukan Tsohuwa, ya durƙusa gaban gindi ɗaya kamar mai gaida sarakuwa. Ya juya ganye ya duba bayansa, ya ɗaga curin inabi ya auna a tafin hannu, ya tsinki ƙwaya ɗaya ya tauna ya tofar da 'ya'yan a hannu ya duba. Rana ta uku ta ga abin da ya tsorata ta. Ya zaro jan ƙyalle daga aljihu ya ɗaura a wuyan wani gindi.

Mu nan mun san abin da ƙyalle a jikin inabi yake nufi. Akwai cutar nan da ke sa ganye ya yi rawaya ya nannaɗe, reshe ya ƙi nuna, curi ya bushe a tsaye. Duk ƙarshen bazara malaman gona kan bi gonaki layi-layi, gindin da suka zarga su ɗaura masa alama. In masu cutar kaɗan ne, a tuge su kaɗai. In sun zarce ɗaya cikin biyar, gonar gaba ɗaya ake tugewa, ba roƙo ba magiya. Shekara biyu da suka wuce Gilberte na tsaye a bakin hanya aka yi wa gonar wata ƙawarta haka, ta ga an tara kututturan shekara sittin an cinna musu wuta, matar tana zaune a kan dutse ta rufe fuska da gyale. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Da mutumin ya shiga cin abincin rana ta zaga ta bayan katanga ta je ta duba da idonta. Gindin da ya ɗaura wa ƙyalle lafiyarsa lau. Ganye kore shar, reshe ya fara ja, curi ƙanana a cike, irin waɗanda ubanta ke cewa su ne giya, sauran ruwa ne. Ta duba na biyu, ta duba na uku. Duk wanda ya sa wa alama, cikin zaɓaɓɓun gonar yake.

Wani in ya ga haka hankalinsa zai kwanta. Gilberte kuwa sai abin ya ƙara tsaya mata a rai. Malamin gona na gaskiya ba ya zuwa shi kaɗai, ba ya ɓoye sunan aikinsa, ba ya ɗaura wa mai lafiya alamar cuta. To wa zai so a cika lissafin ɗaya cikin biyar ko da ƙarya? Ba ta sha wahalar neman amsa ba, don amsar tana maƙwabtaka da ita. Armand Gauthrot, wanda gonarsa ke manne da Tsohuwa ta gabas, ya shekara talatin yana haɗiyar yawu a kanta. Ya tambayi ubanta, ya tambayi Lucien, har ranar jana'izar Lucien sai da ya tsaya yana auna katangar da ido. Gonar da aka tuge ta zama fili, fili kuwa ba ya wuyar rabuwa da mai shi.

Da yamma ta tari Fabien yana wanke manyan ganguna, ta zayyana masa komai. Bai ɗago kai ba, bai kashe ruwan ba. Ya ce ta ƙyale bawan Allah, wataƙila irin mutanen nan ne masu sha'awar tsirrai, shi yanzu yana da masu tsinka ashirin da zai nema wa wurin kwana. Ta tsaya tana kallon ƙeyarsa. Yaron nan halin ubansa ya ɗauko kaf, kowa ya yi masa murmushi ya zama ɗan'uwa. Ta ce a ranta, to shi ke nan, ni da na ga ranar da aka ɗora katangar nan zan tsare abin da ke bayanta.

Sai ta shiga aikinta na bincike. Ranar canjin zanin gado ta bi gidan lungu-lungu tana neman takarda mai hatimi ko littafin da yake rubuta sharrinsa. Babu. Sharar ma ba ta ce komai ba, ɓawon cuku ne da gwangwanin kifi. Amma a aljihun teburin kicin, inda uwarta ke ajiye cokula a da, ta sami naɗin jan ƙyalle mai kauri, da wasu 'yan wuƙaƙe uku a naɗe cikin fata, masu kaifin da za su aske gashin hannu. Ta mayar da su yadda ta same su.

Ta kai masa kwalbar giyar Tsohuwa ta bara waccan, wai kyautar masauki, don ta ji bakinsa. Ɗan hutu zai kurɓa ya lumshe ido ya ce yana jin ƙanshin furanni, ko wata maganar banza irin tasu. Wannan ya kurɓa, sannan ya tambaye ta ko kusurwar arewa tana riƙe ruwa bayan an yi ruwan sama. Tana riƙewa kuwa, amma wa ya gaya masa? Ta ce ba ta sani ba, ita tsohuwa ce, wanki da guga ne aikinta. Ya dubi yatsunta, ya yi wani ɗan murmushi da ya ƙona mata rai.

Abin da ya ƙarasa ta shi ne labarin Solange mai gidan burodi. Solange ta ce da idonta ta ga baƙon da Armand sun gaisa a bakin shagonta, sun daɗe suna magana ƙasa-ƙasa, har Armand ya dafa masa kafaɗa. Armand da ko limamin coci ba ya dafawa! Gilberte ta karɓi burodinta ta fito. Biri ya yi kama da mutum.

Ba ta taɓa ƙyallayen nan da nan ba, don in ta cire yau gobe zai mayar. Ta bar shi yana ɗaurawa, kullum jan yana ƙaruwa a cikin kore, ita kuwa kullum abinci na ƙara fita mata a rai. Tsoro take ji, tsoro na gaske, irin wanda ba ta ji ba tun ranar da likita ya kira ta gefe a kan maganar Lucien. Aka fara tsinka a sauran gonaki. Tsohuwa a al'adar gidan ita ake bari ƙarshe, kuma Gilberte ce ke jan masu tsinka a cikinta, Fabien na can wurin matsa yana karɓar kaya. An sa ranar Asabar. Ranar Alhamis sai ga Mushe Tissier ya zo da kansa yana gaya mata zai je birnin Dijon duba 'yarsa, sai Asabar da rana zai dawo. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, har da yi masa murmushi. A ranta ta ce, je ka kai rahoto, ka dawo da masu hatimi, ku zo ku ƙirga iska.

Ranar Juma'a bayan abincin rana ta ɗaura ƙyallen aikinta mai babban aljihu ta shiga gonar. Ɗaurin mutumin nan ba ya kwantuwa da sauƙi, wani ƙulli ɗaya, wani biyu, wani uku, ga yatsu sun tsufa. Wanda ya ƙi ta sa masa almakashi. Tana yi tana magana da su ƙasa-ƙasa, tana cewa ku kwantar da hankalinku, ina nan. Kafin rana ta faɗa bayan tudu ta kwance ɗari da ashirin da shida, bayanta kamar zai tsinke, amma rabon da ta ci abinci da daɗi irin na ranar har ta manta.

Asabar da sassafe aka shiga Tsohuwa, kafin tsakar rana an tsinke ta tas. Masu tsinka suka yi wa motar noma ado da ganye da furanni, suka bi ta cikin gari suna ta busa ƙaho kamar yadda aka saba. A farfajiyar Fabien an jera tebura, ƙanshin naman sa da aka dafa da jar giya ya cika unguwa. Gilberte ba ta zauna ba. Ta hango farar motar a ƙofar tsohon gida, ta nufi can da aljihunta a cike.

Ta same shi a kicin, tsaye a bakin taga, ko hularsa bai cire ba. Ta zazzage ƙyallayen a kan tebur.

"Ga kayanka, Mushe. Ka gaya wa Armand Gauthrot ya sake dabara. Gonata ba ta da cuta, kai ma ka sani."

Ta zaci zai yi musu ko ya yi borin kunya. Sai ya ja kujera ya zauna a hankali, ya ɗauki ƙyalle ɗaya mai ƙulli uku yana juyawa. Ya ce ai ya san ba ta da cuta, da tana da ita da bai ɓata mako ukunsa ba. Ya ce shi ba malamin hukuma ba ne, mai renon dashe ne, aikinsa aura itacen inabi, wato haɗa reshen wani da saiwar wani, shekara arba'in ke nan. Armand kuwa tsohon mai sayen dashe ne a wurinsa, gaisuwa ce kawai ta haɗa su. Ta ce to uban wa ya aiko shi gonarta? Ya ce wannan ba shi ya kamata ya faɗa ba.

Ba a daɗe ba Fabien ya shigo neman uwarsa, don an ƙi fara cin abinci sai da ita. Ya ga tulin jan ƙyalle a kan tebur, ya ga fuskar baƙon, sai ya juyo wurin uwarsa.

"Mama, me kika yi?"

A nan tsaye, a kicin ɗin da ta koyi tafiya, ta ji maganar da aka ɓoye mata tun bazara. Kashi ɗaya cikin uku na gindin Tsohuwa sun mutu, ita ma ta sani, tana dai tsallake guraben ne kamar ba ta gani. Abin da gonar ke bayarwa bai kai wahalarta ba, layukan sun matse, motar noma ba ta shiga. Fabien ya yanke shawara zai tuge ta a watan Fabrairu, ƙasa ta huta shekara uku, a sake dasawa. Amma bai so ya sayo irin da kowa ke saye. Shi ya sa ya kira Mushe Tissier ya zaɓi gindin da suka fi kowa, da sanyi a yanki rassansu kafin a tuge, a aura su a kan sabuwar saiwa, don abin da kakansa ya dasa ya dawo gonar da jininsa. Zaɓen kuwa sai da 'ya'ya a jiki ake yinsa. In an tsinke, gindin kirki da na banza duk ganye ne.

"Ba ka rubuta ba?" Fabien ya tambayi baƙon.

Ya girgiza kai. Ya ce layukan sun karkace, ga gurabe, ƙirga ba ta zama daidai a irin wannan gona. Ƙyallen shi ne takardarsa.

Gilberte ta nemi kujera. Abu biyu suka taru mata, ta rasa wanne ya fi zafi. Za a tuge Tsohuwa, ba Armand ba, ba hukuma ba, ɗan da ta haifa. Hanya ɗaya kuma da ta rage irin ya tsira, ita ta bi ta kwance ta da hannunta, tana yi tana murna.

"Don me ba ka gaya mini ba?"

"Na ce bari ki yi tsinkar ƙarshe da daɗin rai, Mama. Na san ba za ki yarda ba."

"Da ban yarda ba kam," in ji ta. "Da na zage ka, na yi kwana uku ban yi maka magana ba. Sannan in ɗauki mutumin nan in nuna masa gonar. Ka sa baƙo ya yi mini ƙarya a gidan ubana, ka bar ni ina bin shararsa kamar ɓera."

Can waje ana ta kiran sunansu, wani ya fara waƙa. Gilberte ta dubi teburin, ta lissafa a ranta: shekara uku ƙasa na hutawa, uku ko huɗu kafin dashe ya yi 'ya'yan kirki. Ba lallai ta ga wannan ranar ba, ta kuma san haka sarai. Sai ta tattara ƙyallayen da ba ta yanka ba ta mayar aljihu, ta ce wa Fabien ya je wurin baƙinsa, ba ta son ganinsa yanzu. Ta dubi Mushe Tissier ta ce ya sa takalminsa.

Suka shiga gonar su biyu. Ba curi ko ɗaya, sai ganye da ƙwayoyin da aka tattake a ƙasa. Ta fara daga bakin katanga, ba ta ko duba ganyen ba. Wannan, in ji ta, ko shekarar da ƙanƙara ta kashe gari sai da ya cika kwando. Ta ɗaura. Wancan ƙananan 'ya'ya yake yi masu kaurin fata, bai taɓa ruɓa ba. Mushe Tissier ya durƙusa ya duba, ya ce ƙulli uku ya yi masa, alamar waɗanda suka fi kyau. Ta ce ta sani, shi ya fi ba ta wuya jiya. Wasu ta tuna su don ta shekara sittin tana datse su, wasu don jiya-jiya ta tsuguna a gabansu. Wasu kuwa ta tsaya ta rasa, wannan ne ko na kusa da shi? Inda ta yi shakka ba ta ɗaura ba. Da suka kai tsakiyar gona an ɗaura talatin da ɗaya, a inda da akwai fiye da sittin, kuma kowane gindi da ta wuce ta san hukuncin wuta ta yanke masa.

A layi na goma sha tara ta tsaya gaban wani karkataccen gindi mai rassa biyu sirara. A nan Lucien ya ajiye almakashinsa wata safiyar Maris, ya ce bari ya ɗan zauna, ya jingina da shi, bai ƙara tashi ba. Shekara tara ke nan ba ta bari kowa ya datse wannan gindin sai ita. Ta zaro ƙyalle ta riƙe. Mushe Tissier bai san labarin ba, amma ya ga ta riƙe ƙyallen ba ta ɗaura ba, ya kau da kai, ya ce a hankali in tana so ta ɗaura, ƙarin ɗaya ba zai ɓata komai ba.

Ta sa hannu ta gyara wani reshe da masu tsinka suka karya, ta saƙala shi a waya.

"A'a," in ji ta. "Wannan bai taɓa haihuwar kirki ba. In ka aura shi, gona guda za ka cika da irinsa."

Ta share ido da bayan hannu, ta matsa gaba, ta ɗaura ƙyallen a gindi na uku daga nan.